Tayoyin Haya a Kassalafam

Kano zuwa Garwa

Tun kafin kiran assalatu na bar gida, don motar Yola in ta cika ba ta jiran kowa. Wurin ƙanena Sabi'u na nufa a Duwala. Ya daɗe a can yana sana'ar taya, ya yi aure, ya haihu, ni kuwa da na goye shi ban taɓa taka ƙofar gidansa ba. Tunda na ajiye aikin asibiti, sai na ga ba ni da sauran hujja.

Mun shiga Yola da la'asar sakaliya, ƙafafuna sun kumbura suntum. Na kwana gidan wata ƙawata, washegari na bi ƙaramar mota zuwa iyaka. Jandarman farko ya jujjuya fasfona, ya zubo mini Faransanci. Na ce ban ji ba. Sai ya ce, "Hajiya, ina zuwa?" da Hausa raɗau. Na ce, "Ɗan nan, ai da ka fara da wannan." Daga nan har Garwa shinge ya fi gari yawa, kowanne sai an sauka an miƙe ƙafa ba don ana so ba.

Garwa zuwa Duwala

Babbar mota ta hau da mu tudun Ngaundare tana nishi. Da yamma na shiga jirgin ƙasa, na sami gado na sama, wata Bafulatana ta tausaya wa gwiwata muka yi musaya. A kowace tasha mata na miƙo zuma da ayaba ta taga. Gari ya waye mana a Yaunde, ban tsaya ba na kama motar Duwala. Ruwa ya tare mu a hanya, kuma iya zamana a garin nan ban ga ranar da bai zuba ba.

New Bell

Sabi'u ya tarbe ni a tasha, ya yi tumbi, gemu ya soma fari. Na yi niyyar yi masa tsiya, sai hawaye ya riga ni. Muka hau babur, wanda su ke ce wa bensikin, muka kutsa lungunan New Bell, inda ake tsallake kwata a kan katako. Ko'ina Hausa ake yi, amma sai ka kasa kunne, don rabinta Faransanci ne.

Matarsa Hadiza haifaffiyar unguwar ce, kakanninta ne suka zo daga Katsina. Ta ajiye mini gasasshen kifi da miyondo, wani curin rogo da ake naɗewa a ganye. Ina ci 'yar autarsu Ummi ta manne mini tana ba ni labari. Ranar Asabar Islamiyyarsu za ta kai su filin wasa a hayin gada, inda akwai lilo da jirgin ƙasa na yara, kuma motar wurin ce za ta zo har unguwa ta kwashe su.

Hadiza ta ce, "Da ne, Yaya, wallahi ba zan bari ba. Masu wurin su ne gwamnatin kansu. Su ke da motocin, su ke duba motocin. In ka kai kuka meri, wato ƙaramar hukuma, a ce wurin ba ya ƙarƙashinsu. Amma bana ofishin gwamna ya karɓi abin. Ana musu kontrol, wato a duba lafiyarsu, a manna shaida a gilashi. Shi ya sa duk matan unguwa muka yarda."

Kassalafam, Laraba

Na matsa sai na ga shagon da ya riƙe mini ƙane shekaru. Yana unguwar Kassalafam, tayoyi jibge har rufi. Muna zaune aka kawo wata doguwar mota ruwan ɗorawa, an zana mata giwa da raƙumin dawa. Ma'aikata suka ɗaga ta, suka cire tayoyinta. Na leƙa. Sun suɗe kamar tafin hannu, ɗaya ma har waya ta fito. Aka ɗaura mata masu kyau, aka jingine tsofaffin a bango, aka rubuta musu alama da alli.

Na ce, "Sabi'u, waɗannan kuma ajiyar me ake musu? Ba bola za su ba?"

Ya yi dariya. "Yaya, haya ce. Gobe kontrol. Ana sanar da su tun da mako guda. In an manna shaida, da yamma su dawo mini da nawa, su ɗauki nasu."

"Mutane fa ake ɗauka a ciki."

"Kowa haka yake yi a layin nan. In ban bayar ba maƙwabcina zai bayar."

Direban, wani dogo mai suna Bakari, ya sa baki. "Hajiya, ni ma na gaya wa patron, maigidana, ya sayi taya. Ya ce bayan damina."

Raina ya ɓaci, amma baƙuwa ce ni, kwanana biyu a garin, sai na haɗiye. Ban kuma kawo a raina cewa filin wasan Ummi ne mai motar ba, don Sabi'u bai faɗa ba, shi ma ashe bai tambayi wace mota za ta zo musu ba.

Asabar, ƙofar Islamiyya

Ruwa ya kwana yana zuba. Da hantsi na rako Ummi, an yi mata kitso, tana rungume da robar shinkafarta. Yara sun cika bakin titi, uwaye na riƙe da lema. Sai ga mota ta kunno kai, ruwan ɗorawa, da giwa da raƙumin dawa, sabuwar shaida na ƙyalli a gilashi. Ban kalli shaidar sau biyu ba, na sunkuya. Alamar allin nan tana nan a jikin taya, ruwa bai gama wanke ta ba.

Tsofaffin tayoyin ne aka mayar mata. Hanyar kuwa sai an hau gada, ga manyan motocin tashar jiragen ruwa, ga santsi. Na kira Sabi'u a waya na ce ya zo yanzu, ko me yake yi.

Kafin bensikin ya sauke shi yara sun shige, Ummi ta kama kujerar taga tana ɗaga mana hannu. Ya dubi motar, ya dubi Bakari, Bakari ya kau da kai. Sai ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Yaya, ki sauko da ita. Ki ce cikinta ke ciwo."

"Sauran fa?"

Ya mayar da idonsa kan tagar da Ummi take.

"Na ce sauran fa, Sabi'u? Su daga sama suka faɗo?"

Wata maƙwabciyarsu, Maman Sadiya, wadda 'yan biyunta ke ciki, ta ga fuskokinmu. Ta ce, "Alhaji, lafiya? Akwai problem ne?" Malamin Islamiyya ya nuna gilashi ya ce a kwantar da hankali, ga shaidar gwamna nan, shekaranjiya aka manna.

Na san abin da ke gaban ƙanena. In ya yi magana, ya tona kansa a gaban matan da yake gaisawa da mazajensu a masallaci kullum, kuma ya rasa cinikin filin wasan. Ni dai na ƙudurta in bai faɗa ba zan faɗa, ko da kuwa ba zai ƙara yi mini magana ba. Ya daɗe yana goge ruwa daga fuskarsa.

Ya ce, "Malam, a sauke yaran. Tayoyin da aka yi kontrol da su nawa ne, suna shagona. Waɗannan ba za su kai su ba."

Wuri ya kaure. Maman Sadiya ta ce, "Kai ne, Alhaji? Kai da muke ba ka ajiyar 'ya'yanmu?" Hadiza ta ja gyale ta rufe fuska. Yara suka sauko suna kuka, Ummi ta ƙi kallon kowa. Sabi'u ya shiga gaban motar, Bakari ya ja ta a hankali ba kowa a ciki zuwa Kassalafam. Sai bayan azahar suka dawo da tayoyi masu kyau, yaran suka tafi, suka dawo da magariba sun jiƙe sharkaf suna waƙa. Sabi'u bai ci abinci ba ranar. Tayoyin kuma ya bar su a jikin motar bai karɓe su ba, patron kuwa bai biya shi ba.

Komawa

Na ƙara mako guda. Wasu a unguwa sun daina amsa gaisuwarsa, wasu sun ce ya yi ƙoƙari. Ranar tafiyata ya ɗauko mini jaka har tasha, bai ce komai a kan maganar ba, ni ma ban ce ba. Na biyo hanyar da na zo, jirgi, Garwa, shingaye, Yola, na shiga Kano da yamma lafiya lau. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Hadiza da ta riƙe ni hannu biyu duk da kunyar da na jawo mata.

Da na kira in ce na sauka, Sabi'u ya ce ya daina ba da hayar. Na ce madalla. Sai ya ce, "Yaya, motocin filin wasan uku ne. Jiya na ga ta biyu a shagon maƙwabcina. Ita ke ɗaukar yaran unguwar Nylon."