Ranar da Yaya Sabo Ya Saki Birki

Shekara bakwai ke nan da rasuwar wana, Alhaji Sabo, wanda 'yan kasuwar Guangyuan da ke birnin Guangzhou na China suka fi sani da Sabo Mai Riguna. A Kano ya rasu, a ɗakinsa, matarsa Hajiya Binta tana gefensa. Da gangan na ambaci wurin, domin saura kaɗan ya rasu a nan Guangzhou, a ɗakin haya a unguwar Sanyuanli, tsakanin dilolin kaya. Wani jirgin wasa da ya lalace ne ya zama sanadin komawarsa gida.

Yaya mutum ne mai taurin kai, kuma wannan ba zagi ba ne, shi ma ya san halinsa. Shi ya kawo ni China. Shi ya koya mini cewa idan mai shago ya ce "meyo", wato babu, in sake tambaya, sau da yawa akwai. Amma bai taɓa barin makullin shagonsa ya kwana a hannuna ba. Da ciwon zuciya ya kama shi, likita ya ce ya bar hawa da sauka ya koma gida ya huta, sai ya ce likitan yaro ne. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Hajiya ta yi kuka a waya, ni na yi magana har na gaji. Amsarsa ɗaya ce: "In na tafi wa zai riƙe shagon? Kai?" Tsoron da nake ji a lokacin shi ne wata safiya in buga masa ƙofa a ƙi buɗewa.

Wata ranar hutu na lallaɓe shi muka je wani wurin shaƙatawa a bayan gari, irin mai lilo da namun daji. Niyyata in sake tayar da maganar inda babu mai sayen kaya da zai katse mu. Tunda ba ya iya doguwar tafiya, muka shiga jirgin da ke zagaya wurin. A sama yake tafiya, a kan dogo guda ɗaya na kankare da aka ɗora bisa ginshiƙai, yana rungume da dogon da tayoyin roba. Muna saman wani tafki ya yi ƙugi, fanka ta mutu, ya tsaya cak.

"An ɗauke wuta," in ji Yaya. "Ashe har nan."

Ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya nufi ƙofa. Mutumin da ya tashi yana tura bas a hanyar Gwarzo abin da jikinsa ya sani ke nan: mota ta mutu, maza su sauka.

"Nasiru, taso mu tura."

"Yaya, mu taka ina? Leƙa ƙasa ka gani."

Ya leƙa, ya ga kawunan bishiyoyi da ruwa, ya dawo ya zauna yana gyara hula kamar ba shi ya yi maganar ba. 'Yan China da ke cikin taragon ba wanda ya motsa, wata tsohuwa ma ɓare lemo take yi. Lasifika ta yi ta maimaita cewa kowa ya zauna, kada a taɓa ƙofa.

Zaman ya yi tsawo, zafi ya taru, numfashin Yaya ya fara fita da ƙyar. Can sai ga wata 'yar mota ruwan ɗorawa tana tahowa a kan dogon. Dizal take sha, ba ruwanta da wutar da ta ɗauke. Ta matso a hankali har ta kusa taɓa hancin jirginmu. Ma'aikata biyu suka haɗa su da sandar ƙarfe, suka zura ƙusa, suka duba, suka sake dubawa. Yaya ya ce to sai ja. Ba su ja ba. Ɗayansu ya shigo ta ƙofar gaba, ya nuna wa Yaya ya ɗaga ƙafa, ya buɗe wani murfi a ƙasan taragon.

"Lauban," in ji Yaya, don haka muke kiran kowa a kasuwa, wato maigida, "me kuma ake jira?"

Da guntun Turanci da guntun Sinanci da hannu mutumin ya yi bayani. Jirgin nan, da zarar wuta ta ɗauke, da kansa yake damƙe dogo don kada ya gangara da mutane. In aka ja shi a haka, ko sandar ta karye ko tayoyin su yage. Sai an saki birkinsa da hannu, tarago bayan tarago, kuma ba a saki sai an tabbatar ya haɗu da mai jan.

"To in an saki, wa zai tsayar da mu?" in ji Yaya.

Mutumin ya nuna motar da haɓarsa.

Ya murɗa wani abu, iska ta fita. Aka ja mu a hankali, tafiyar da ko mai ƙafa zai wuce mu, har tasha mafi kusa. Sai da aka sauke kowa sannan aka wuce da jirgin fanko zuwa rumfar gyara, inda aka ce ba zai sake ɗaukar mutum ba sai an gano abin da ya kashe shi an kuma gwada shi. Yaya ya tsaya yana kallonsa har ya sha kwana. Maganar da na kawo shi dominta ban yi ta ba ranar.

Bana na koma wurin. Jirgin sabo ne, ko direba babu. Kasuwar ma ta canza: yawancin masu sayen kayanmu sun daina zuwa, daga Kantin Kwari suke zaɓen riga ta bidiyo a waya. Na san abin da Yaya zai ce da yana raye, wai kayan da hannunka bai taɓa ba ai ba ka saya ba. Zai yi wata guda yana faɗa, sannan ya fi kowa iya wayar, ya kuma ce shi ya koya mini. Abin da na tabbata zai fara nema da ido shi ne 'yar motar nan. Tana nan a gefen rumfar, an sake mata fenti. Na yi murna da ganinta fiye da yadda ya kamata babban mutum ya yi.

Shagon yana nan da sunansa, amma ba shi nake ɗauka a matsayin abin da Yaya ya bari ba, shago kowa na iya buɗewa. Abin da ya rage mini shi ne abin da ya faru 'yan kwanaki bayan hawan jirgin. Da rana ne, ina ɗaure dila, ya kira sunana. Ya ciro makullin daga aljihu, ya ajiye kan tebur, bai ɗauke hannunsa daga kai ba tukuna.

"Na duba sandar, na sake dubawa," ya ce. "Na saki birki, Nasiru. Ka ja a hankali."

Sannan ya ɗauke hannun. Na ja shi a hankali har Kano, ya ga wata damina a gidansa. Allah ya jiƙan Yaya.