Baƙon da Ke Yabon Ƙugiyar Maleriya

Gab da magariba, a shagon maganin Dallatu da ke Kwali, wani baƙo na zaune cikin rigar sanyi, ga gari da zafi. Katin wurin bincike na lilo a wuyansa, haƙoransa na kaɗawa. Sakamakon gwajin maleriya yake jira, amma bakinsa bai huta ba.

Yana jujjuya wani hoto a wayarsa, abu kamar zaren da ya cukurkuɗe.

"Oga, ka ga furotin ɗin nan? Cutar ce ke fito da shi a bayan ƙwayar jini kamar ƙugiya, ta maƙale a jijiya don kada saifa ta tace ta. Kafin jiki ya gane shi, ta canja wani. Dubi kyau!"

Dallatu na kallonsa kawai. Haka ake nuna hoton ɗan fari. Da wuya in matar baƙon na samun rabin wannan yabo.

Sai ga macen sauro a hannun baƙon. Dallatu ya ɗaga mafici, mutumin ya tare.

"Tsaya tukuna," in ji shi, yana gyara tabarau. "Dubi yadda ta ɗaga baya. Irin tamu ce, mai yaɗa maleriya."

Kafin ya gama bayani, ta ƙoshi ta tashi.