Ranar da Maitama Ya Hau Dutsen Kakansa

Maitama manomin auduga ne a ƙasar Maska, zamanin da mahara ba su bar mutane sun huta ba. Mutum ne mai tumbi da daɗin baki. Gonarsa tana gindin wani dutse da ke leƙen birni, a kan dutsen kuma akwai tsohuwar ganuwa inda mutanen dā ke fakewa in yaƙi ya taso. Shekara talatin yana ba da labarin yadda kakansa Aƙilu ya tsare ƙofar ganuwar shi kaɗai, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka wurin ba.

Wata kaka, ƙanen matarsa Sada ya zo daga Kafur, ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce, "Yaya, gobe sai ka kai ni in ga ƙofar nan."

Maitama ya kawo zancen ciwon gwiwa. Matarsa Hansai ta ce gwiwar lafiyarta lau, ta dama musu fura a gora.

Sau bakwai yana zubewa a hanya, wai yana nuna wa baƙo gari. Daga sama ga birni shimfiɗe, marina da kasuwa, rumbuna kamar an kife tukwane. Sada yana ta kallo, Maitama kuwa jiri ya hana shi leƙawa. Ya nuna giɓin farko da ya gani a jikin ganuwa. "Nan ya tsaya."

Wata tsohuwa mai tsintar itace, Inna Rabi, ta ɗago kai. "Wa ya tsaya, ɗan nan?"

"Kakana Aƙilu."

Ta yi dariya har itacen ya zube. "Aƙilu mai tuƙa wa dakaru tuwo? Ai nan ya maƙale ranar hari, ya rungumo tukunya. Ina yarinya, mu muka yi ta jan hannunsa ta ciki. Maharan suka yi ta tura shi daga waje har suka gaji, suka koma."

Maitama ya shafa gemu, sannan ya dubi Sada. "To, ka ji da kunnenka. Ya tsare ƙofa ko bai tsare ba?"

Da zaune ya sauko dutsen, wandonsa ya rabu biyu, sai Sada ya ara masa mayafi suka zagaya ta bayan gari. Kwana uku Hansai tana gasa masa ƙafafu tana ƙunshe dariya, a na huɗu ya ɗingisa ya koma tsinkar audugarsa.