Kujerar da Yaya ya kawo wa Baba

Shekarar da yayana ya samu aiki a Arlit, ya dawo garinmu Tama da wata kujerar ƙarfe mai saƙar roba ɗaure bisa mota. Gari duka ya fito kallo, kamar an kawo amarya. Ya dasa ta a ƙofar zaure, ya zaunar da Baba, ya kafa doka: daga yau ba gona, ba garkar albasa, ba jan guga. Wai kada a ce yana aikin nasara ubansa na duƙe a fadama.

Baba a lokacin tsoho ne, amma garau yake. Da asuba zai sauka fadama, ya ja ruwa, ya tsuguna cikin fangali yana cire haki, ya dawo da dami a ka. In ya tashi daga tabarma ko ƙasa ba ya dafawa. Goshinsa kuwa da baƙin tabon sallah, wanda nake taɓawa da yatsa ina ƙarama.

Ya bi dokar don kunyar ɗansa. Mutanen gari suka yi ta zuba albarka, su da ba sa rasa abin yabo in dai a gidan wani ake ɓarnar. Abinci a kai masa kujera, buta a miƙo masa, ko sandarsa ce ta faɗi sai wani ya ɗauko. Kafin damina ta sake zagayowa, in ya yi sujada sai an kama shi ya miƙe. Wannan ne ya fi cin ransa, ni ma ya ci nawa.

Ina aure a unguwar da ke bayansu, sai na matsa aka kai Baba likita, wato asibitin garin Buza, lokacin da Yaya ya zo hutu. Majo, wato babban malamin jinya, ya sa Baba ya zauna ƙasa ya tashi, ya ga yadda ake fama.

"Tsohon ga ba ya da ciwo," in ji shi. "Zama ne yac cinye mai ƙahwahu. Kullum shi zamna bisa tabarma shi tashi da kainai, shi tsuguna, shi ɗauki bokiti da ɗan ruwa shi kai bakin gida. Abin da jiki ka yi kullum, shi a ka koya mai."

Yaya ya yi tsaki tun kafin mu fita. "Mun zo biɗar allura, an ba mu aikin talla." Ya sayi kwalaben maganin ƙarin jini har jaka guda, ya koma Arlit da zuciya fes.

Ni kuwa na ɗauki maganar majo. Kullum da hantsi in ja Baba bayan rumbu, inda ba mai gani. Da farko da hannuna yake tashi, daga baya da turmi, daga baya da gwiwarsa. Ranar da ya yi raka'a biyu cur ba mataimaki, dariya ya yi ta yi har da hawaye.

Ana jibi babbar sallah Yaya ya sauka ba zato, ya tarar da Baba ya ɗauko rabin bokiti. Ya daka mini tsawa gaban mutane.

"Ke, tozarta ni za ki yi? Mi za a ce da ni garin ga?"

"Yaya, ƙahwahunai na ka dawowa."

"In ba ki iya kula da shi, in ɗauko mai yi."

Baba ya dube shi, ya dube ni, ya ajiye bokitin a hankali, ya koma kujera. Bai iya bari a ga ɗansa cikin kunya ba. Daga ranar ko na kira shi bayan rumbu, sai ya ce in bari.

A filin idi an kai masa kujerar. Ya yi sallah a zaune yana sunkuyar da kai, jama'a na nuna Yaya ana cewa ga ɗa na gari. Muna hanyar gida Baba ya ce mini a hankali, "Ɗiyata, goshina na kewar ƙasa."

Goshin bai sake taɓa ta ba har Allah ya yi wa Baba rasuwa. Mijina na cikin waɗanda suka yi masa wanka, shi ya gaya mini tabon ya goge sarai. Yaya kuwa har yau in an zauna hira, da alfahari yake ba da labarin yadda ya hutar da ubansa.