Na Kai Shinkafa, Na Dawo da Gero

Panshekara

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, na saɓa jakata. Wata biyu ke nan kamfanin fatar da nake aiki a Challawa yana rufe saboda korona. Ban aika wa Inna ko sisi ba, wayarta kuma ba ta shiga. Ga damina ta ƙarato. Abu ɗaya ke cina a rai: kada yunwa ta sa su Inna sun cinye irin shuka. Fankata na sayar, na sayi shinkafa kwano biyu.

Yankaba zuwa Ringim

Motarmu ta tashi bakwai saura kwata, kuɗin mota ya ƙaru sosai. "Mutum uku a baya maimakon huɗu, Malam," in ji direba. "Na huɗun, ku za ku biya masa."

A iyakar Jigawa ma'aikatan lafiya suka auna mana zafin jiki a goshi. Dattijon da ke gefena ya runtse ido yana salati, kamar harbinsa za a yi. A Ringim na sha koko da ƙosai a tsaye, na hau babur, kilomita goma sha biyu cikin yashi.

Gida

Sha ɗaya da rabi na yi sallama. Inna ta fito, ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan, Sani. Daga birni kake. Ga buta, ga sabulu."

Na wanke hannu, na tsuguna na gaishe ta, na kasa haƙuri. "Inna, irin fa?"

Ta harare ni, ta ja ni ɗakinta, ta nuna rufi. Ga zangarniyar gero nan a rataye, ko ɗaya ba a taɓa ba.

"Tuwo sau ɗaya muka koma a yini, amma iri? Wanda ya ci iri ai ya ci baɗi."

Na yi hamdala. Na miƙa mata shinkafar, ta jinjina ta a hannu.

"Ku ne abin tausayi. Rumbunku kasuwa ce, ga shi an rufe ta. Kullum sai na ce, yau me Sani ya ci?"

Komawa

Kwana uku na yi. Ruwa ya sauka, muka yi shuka. Da zan taho ta sa aka ɗaura mini rabin buhun gero a babur, ta ce tun farkon kulle take ware mini. Sai a nan na gane dalilin tuwo sau ɗaya.

Na isa Panshekara da la'asar. Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa Inna da alheri.