Fasfon da Dankure Ya Yi wa Banda

A shekarar 1979 na fara ganin Dankure, a bakin gulbin Argungu, ina ƙaramin malamin ofishin gona an aiko ni daga Birnin Kebbi in ƙidaya jiragen masunta. Ya dube ni da littafina, ya ce in rubuta nasa rabi, domin gindin jirgin na yoyo. Tun daga ranar muka saba.

Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya gaggawa ko a magana ko a tuƙi. Gadon su, wato kamun kifi, ya yi, kuma a Argungu an yarda bandarsa ba ta da ta biyu. Tarwaɗar da ya busar takan shekara ƙwaro bai taɓa ta ba. Ya yi imani duk abin da ya jiƙe, hayaƙi ne maganinsa.

Da kifi ya ja baya a gulbin Rima, sai ya bi sahun 'yan'uwansa zuwa tafkin Lagdo a Kamaru. A 2015 ne. Ya yi fasfo kamar yadda doka ta ce, aka buga masa hatimin shiga a kan iyaka ranar biyar ga Muharram, aka ce yana da kwana casa'in. Bai yi sati uku ba iska ta kife jirginsa, fasfon yana aljihun riga. Ya fito, ya duba, ya ga ya jiƙe sharaf. Sai ya shimfiɗa shi a kan ragar banda tsakanin tarwaɗa biyu, ya yi masa kwana uku yana juya shi safe da yamma.

Fasfo ya bushe ƙayau, ya yi ja, ya yi ƙamshi. Hatimin shiga kuwa ya tafi, ko alamarsa babu.

Ranar kwana na tamanin da ɗaya ya iso kan iyaka da kwando goma sha huɗu na kifi a motar Malami, direban da ke jigilar masunta zuwa gida. Jami'in Kamaru da ke kan tebur, wani dattijo mai furfura ana ce masa Hodi, ya karɓi fasfon ya buɗe, ya kai hanci, ya sake kaiwa.

"Baba, wannan takarda ce ko cefane?"

"Ranka shi daɗe, jiƙewa yay yi, nig gyara shi."

"Ka gyara shi kam. Ina hatimin shigarka?"

"Da can nan yake."

"To, ba zan iya buga maka fita ba. Wanda bai shigo ba, ta ina zai fita?"

"Ga ni gabanka hwa!"

"Ni ina ganinka. Takarda ce ba ta ganinka."

Kifin kuwa takardunsa cikakku ne, da hatimin likitan dabbobi da komai. Aka ɗaga masa igiya ya wuce. Malami ya leƙo ta taga ya ce, "Kawu, me zan ce wa uwargidanka Inna Sadatu?" Dankure ya ce, "Ka ce mata kihi ya riga ni samun izini."

Hodi ya rubuta bayaninsa, har da ranar da ya ce ya shigo, ya tura shi babban ofis na cikin gari. Kwana biyu Dankure ya yi a kan benci kafin a gaya masa su baƙin da suka shigo kaɗai suke saurara. Ya koma wajen Hodi, wanda ya yi masa bayani a tsanake. Maganar bakinsa ba ta isa shaidar cewa ya shigo ba, amma tunda an rubuta ta, ta isa shaida a kansa ranar da casa'in ta cika. Daga ranar ya zama wanda ya zarce wa'adi, sai a tsare shi a kai shi kotu.

"Wato in na zamna ina jiranku, ni ka laihi?"

"Haka doka ta ce."

"In na tahi kuma?"

"Wannan ya fi muni."

Dankure ya tare a gindin wata tsamiya kusa da gadar da ta raba ƙasashen biyu. Kyanwoyin wurin suka gane aljihunsa, duk inda ya zauna sai uku su kewaye shi. Da yake zaman banza ba halinsa ba ne, a kwana na uku ya fara taya masu gadi jan igiya. Ya buɗe wa motocin shanu, ya buɗe wa 'yan kasuwa, ya yi wa kowa addu'ar sauka lafiya. Wani baƙo ma ya miƙa masa fasfo yana zaton shi ne babba a wurin. Abinci kuwa wata mai kunu, Maimuna, ita ke zuba masa, tana tsokanarsa da "Malam Ba-ka-zo-ba".

Da hantsin kwana na tamanin da tara Hodi ya kira shi. Bai dube shi ba, farcensa yake yankewa.

"Gobe ba ni da iko a kanka, sai na miƙa ka. Yau dai zan tafi sallar azahar, kuma ni mai dogon wuridi ne. In na dawo na ga wani ya taho ta kan gada daga wancan ɓangare, baƙo ne, dole in buga masa shiga. Sai dai takardarsa ta zo a bushe. Kuma don Allah kada a sake gyara ta."

Kogin da ke ƙarƙashin gadar ba ya ƙafewa, ga sanyi, amma ba ruwan ne ya dami Dankure ba. Inda zai sa fasfon yake nema. Sai idonsa ya faɗa kan babbar gorar da Maimuna ke ajiye ruwan wanke kofuna.

"Ɗiyata, ara mini wagga, yanzu in maido miki."

"Ta kakata ce fa, Baba."

"Ko ƙwarzane ba ta yi."

Ya zubar da ruwan, ya cusa riga da hula da fasfo a ciki, ya gangara bayan dutse, ya kwanta a kanta da ƙirji kamar yadda ake yi a Matan Fada lokacin bikin kamun kifin Argungu, ya bi da hannu har ya ƙetare. A can ya sa tufafinsa cikin rawar ɗari. Da ya waiwaya, gora ta yi nisa, tana juyi a tsakiyar ruwa.

Ya hau gada ya taho, gemu na ɗiga. Hodi ya gyara zama.

"Sannu da zuwa, baƙo. Kwana nawa za ka yi a ƙasarmu?"

"Gwargwadon shan kunu."

"Dalilin ziyara?"

"Hita."

Hodi ya buga hatimin shiga, ya ce ya je ya ɗan zauna, kada abin ya zama wasa. Dankure ya je ya durƙusa gaban Maimuna ya faɗa mata gaskiya. Ta zuba masa kunu, ba ta ƙara tsokanarsa ba. Bayan minti goma aka buga masa fita, ya ɗaga wa kansa igiya ya wuce.

Bai sake barin Argungu ba har ya rasu bara. A wajen zaman makoki ne Malami ya gaya mini sauran. Daminar da ta biyo bayan dawowarsa, Dankure ya shuka duma a bayan gida, bai ce wa kowa don me ba. Shekara biyu yana zubar da abin da ya fito, wai bai kai ba. A ta uku ya sami wadda ta yi masa, ya fafe ta, ya goge ta da mai, ya naɗe a tsohon bargo, ya ba Malami. Ya ce ya ajiye ta a gindin tsamiya kusa da tukunyar kunu, kuma ko an tambaye shi kada ya ce daga wa.