Ƙullutun da Ba Ya Zafi

A majemar da na yi aiki a Challawa, ni ke riƙe da injin kankare fata, kuma a tsaye ake wuni gabansa. Wata damina wani ƙullutu ya fito mini a cinyar hagu, kamar ƙwan agwagwa. Ba zafi, ba zogi, sai girma yake. Da na fara ɗingishi, hedima, shugaban sashenmu, ya ce in ƙafar ba ta gyaru ba, zai ba wani injin.

Da farko na zargi ruwan jima. Daga baya na zargi wani abokin aikina mutumin Gumel, wanda muke cin abinci kwano ɗaya, don ya sha cewa injina yana burge shi. Na je wurin wani wanzami a Zawaciki don ya yi mini sakiya. Ya tattaɓa wurin, ya mayar da ƙarfensa cikin zabira, ya ce maruru da zafi yake zuwa, wannan kuwa sanyi ƙalau, akwai hannu a ciki. Tun ranar na ware kwanona.

A asibiti aka bi abin daki-daki. Aka ɗauki hoton ƙirji, ba a ga komai ba. Aka zuƙi ruwan wurin da allura, sannan aka yanki 'yar tsoka aka kai awo. Likita ya ce tarin fuka ne.

Na ce, "Likita, ni ko tarin mura ban yi ba."

Ya ce ƙwayar cutar takan bi jini ta sauka a tsoka, ba tare da tari ba, kodayake ba kasafai ake gani ba. Ya rubuta allura kowace safiya da ƙwayoyi na fiye da shekara, ya gargaɗe ni kada in daina don kawai kumburin ya saɓe. Ban gamsu ba, amma na bi ƙa'ida.

Mutumin Gumel aka ba injin. Kullum kafin ya shiga aiki sai ya goya ni a kekensa zuwa wurin allura. Ina bayansa ina tunanin abin da yake nufi da hakan.

Ƙullutun ya baje. Ranar da na koma majema, mutumin Gumel ya goge hannu ya matsa gefe daga injin, ya ce, "Malam, ga kayanku."

Muka koma cin abinci kwano ɗaya. Sai dai nakan bari shi ya fara kai loma.